Tsofaffin bututun ɗumama gida: yadda muka yanke shawarar canza su a gidan da muka saya a Leeds

Na rubuta wannan bayani ne domin 'yan'uwanmu mazauna Ingila waɗanda Allah ya hore wa sayen gida, musamman irin tsofaffin gidajen nan na jere da suka cika unguwannin Leeds, Bradford, Manchester da Birmingham. Galibinmu da irin waɗannan gidaje muke farawa, domin su ne kuɗinmu ke iya kaiwa gare su, kuma da yawansu an gina su tun zamanin Sarauniya Biktoriya ko jim kaɗan bayan rasuwarta a 1901, lokacin da murhun kwal ne ke ɗumama kowane ɗaki. Bututun ruwan zafi da radiyetocin da ake gani a jikin bango yanzu, daga baya aka shigo da su, yawanci a shekarun 1960 da 1970, kuma kowane mai gida ya zo ya ƙara nasa a kan na wanda ya gabace shi. Mu da muka taso a inda kaskon garwashi ke raba mutum da sanyin hunturu, ba mu gaji sanin wannan tsari daga iyayenmu ba, saboda haka duk abin da ma'aikaci ya faɗa mana sai mu ɗauka, ko kuma mu ƙi shi ba tare da hujja ba.

Mun sayi gidanmu a ƙarshen 2023. Gida ne na bulo mai ɗakunan kwana uku, da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da wani ɗaki da aka fitar a cikin rufi. Kafin a kammala ciniki na ɗauki mai duba gini mai rajista da RICS, wato hukumar ƙwararrun masu duba gine-gine, na zaɓi bincike mataki na 3, wanda shi ne mafi zurfi kuma shi ake ba da shawarar yi wa tsohon gida. Na biya fam 850, rahoton kuma ya zo da kauri, ya yi bayani dalla-dalla a kan rufi, da damshin bango, da tagogi. Da na iso sashen ɗumama gida sai na tarar da 'yan layuka kaɗan, inda ya ce tsarin tsoho ne, cewa da ido kawai ya duba abin da ke fili, kuma a nemi ƙwararre ya gwada shi. Wannan ba sakaci ba ne daga gare shi, haka ƙa'idar aikinsu take: ba sa ɗaga katakon daɓe, ba sa gwada bututu. Lauyar da ta yi mana cinikin ita ma ta nemi takardun boila, wato na'urar da ke dafa ruwan ɗumama gida, daga masu sayarwa, suka ce gidan na mahaifiyarsu ne da ta rasu, ba su ga wata takarda ba. Da haka muka karɓi makulli, ba mu san shekarun bututun da ke ƙarƙashin ƙafafunmu ba.

Da yake a tsakiyar sanyi muka tare, mun bar gyara sai bazara, kuma wannan zaman ya nuna mana halin gidan fiye da duk wani rahoto. Idan aka kunna boila, radiyetar da ke zaure takan yi zafin da ba a iya ɗora hannu a kai, ta falo ta yi ɗumi, ta ɗakin cin abinci kuwa, wadda ita ce ta ƙarshe a layi, da ƙyar take kore sanyin jikinta. A sama, radiyetoci biyu samansu zafi, ƙasansu sanyi ƙalau. Boilar tana ƙara kamar ana tafasa ruwa a cikinta, kuma duk lokacin da na buɗe ɗan makunnin fitar da iska a jikin radiyeta, ruwan da ke biyo bayan iskar baƙi ne wuluk, yana ɓata tsumma. Kuɗin gas kuma yana ta hawa alhali yara da rigunan sanyi suke kwana. A lokacin ne tambayar ta tsaya mini a rai: tunda za mu cire kafet, mu sake filasta, mu sa tayil a kicin, shin boila kaɗai za mu canza mu bar bututun, ko kuwa mu tuge komai?

Ma'aikacin farko da na kira bai daɗe a gidan ba. Ya leƙa boila, ya taɓa radiyeta biyu, ya ce bututun jan ƙarfe ba ya mutuwa, a wanke cikinsa da inji mai ƙarfi a kan fam 500, a sa sabuwar boila irin wadda ke ba da ruwan zafi nan take ba tare da tanki ba, duka-duka fam 3,200. Na biyun kuwa tun daga bakin ƙofa, da ya ji shekarun gidan, ya ce a fitar da komai, ya turo mini ƙiyasin fam 11,000 a saƙon waya, layi ɗaya, babu bayanin abin da kuɗin ya ƙunsa. Babu wanda ya ɗaga katako ko ɗaya a cikinsu. Na shiga damuwa ƙwarai, domin tazarar da ke tsakanin kuɗin biyu ita ce kuɗin kicin ɗinmu gaba ɗaya, kuma ba ni da ma'aunin da zan gane wanda ya fi gaskiya. Bayan sallar Juma'a na kai kukana wurin wani dattijo ɗan Katsina da ya daɗe a garin, wanda ya gyara gidaje fiye da ɗaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Ɗana, duk wanda ya zo duba maka kyauta, aiki ya zo nema. Ka biya mutum kuɗin dubawa kawai, ka gaya masa tun farko cewa ba lallai shi zai yi aikin ba, sannan ka nemi ganin katinsa." Na ce: "Baba, wane kati?" Ya ce katin Gas Safe.

A dokar ƙasar, babu ma'aikacin da ke da izinin taɓa boila ko bututun gas sai wanda sunansa ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a 2009. Kowane ma'aikaci yana da kati mai hotonsa da lambarsa, a bayan katin kuma an jera irin ayyukan da ya cancanta ya yi, ana kuma iya duba lambar a intanet cikin minti kaɗan. Na samu wani injiniya mai rajista, muka yi yarjejeniya zai yi wuni guda yana bincike a kan fam 280, ya rubuta mini abin da ya gani. Sai da na jira makonni kafin ya samu sarari, domin lokacin sanyi ne kuma masu boilar da ta mutu su ake fara zuwa wa. Ya umarce ni in naɗe kafet ɗin zaure da na saman bene kafin ya zo, in kuma share hanyar shiga cikin rufi.

Daga rufi ya fara. Can muka tarar da ƙaramin tanki wanda ke ciyar da bututun ɗumama da ruwa, murfinsa a karkace, ruwan cikinsa ja kamar kunun kanwa ya kwana, da laka kwance a gindinsa. Ya sa na kunna boila, muka tsaya, sai ga ruwan ɗumi yana tsiyaya cikin tankin daga wani lanƙwasasshen bututu da ke samansa. Ya bayyana mini cewa wannan bututu na fitar da iska ne da tururi idan an samu matsala, bai kamata ruwa ya riƙa bi ta cikinsa kullum ba. Duk ruwan da ya zubo ta nan yana kwasar iska ya koma ciki da ita, iskar kuma ita ke cin cikin radiyetocin, waɗanda na baƙin ƙarfe ne, ta mayar da shi baƙar laka. Wannan laka ce ke kwanciya a gindin radiyeta ta hana shi zafi, ita ce kuma baƙin ruwan da nake gani. Daga nan muka sauko, ya ɗaga katakai uku a saman bene, ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya ɗora a jikin bututun jan ƙarfe. Maganaɗisu ba ya kama jan ƙarfe, amma a daidai gwiwar bututun sai ya manne ya tsaya cak. Ya ce abin da ya kama shi lakar ƙarfen da ta daskare a ciki ce. Ya yanko ɗan guntu daga wani reshe da ba a amfani da shi ya miƙo mini, na ɗaga shi saitin taga, ramin da ya rage a tsakiya bai fi tsinken ashana ya wuce ba.

Abin da binciken ya nuna shi ne gidan ba tsari ɗaya gare shi ba, uku ne aka haɗa. A ƙasa, tsohon tsari ne mai bututu ɗaya, wanda ke zagaya ɗakuna, kowace radiyeta ta ɗebi ruwa daga gare shi ta mayar masa bayan ya huce, shi ya sa ta farko ke ƙuna ta ƙarshe ke sanyi. Tsarin da ake yi yanzu bututu biyu ne, ɗaya na kai ruwan zafi, ɗaya na komar da wanda ya huce, ta yadda kowace radiyeta ke samun rabonta da zafi iri ɗaya. Bututun ƙasan kuma na awon inci ne, wato an sa shi kafin ƙasar ta koma awon milimita a farkon shekarun 1970. Mai rabin inci yana haɗuwa da na milimita 15 ba wahala, amma mai inci uku bisa huɗu sai da mahaɗi na musamman kafin ya kama na milimita 22. A saman bene kuwa siririn bututu ne mai milimita 8, irin wanda aka yi yayinsa a shekarun 1970 saboda yana lanƙwasuwa da hannu kuma yana da saurin sakawa, kuma shi ne ya fi toshewa. Sai ɗakin cikin rufi, wanda aka fitar daga baya, shi bututunsa biyu ne, milimita 15, tsaf da shi, an naɗe shi da soso yadda ya kamata.

Gwajin da ya fi komai amfani shi ne na matsin ruwa. Tsarin da ke da tanki a rufi ba shi da matsi sai na nauyin ruwan kansa, kuma sai ruwa ya yi tsayin mita 10 kafin ya ba da matsin da ake kira "bar" ɗaya a ma'auni, don haka bututun saman benenmu bai taɓa ɗaukar ko rabin wannan ba tun da aka sa shi. Sabuwar boila kuwa rufaffen tsari take aiki da shi, ana cika shi zuwa "bar" 1 ko 1.5, ya kuma ƙaru idan ruwa ya yi zafi. Mahaɗar da ta yi shekara hamsin lafiya a ƙaramin matsi tana iya fara ɗiga ranar da aka ƙara mata. Injiniyan ya raba gidan kashi-kashi, ya toshe kowane sashe, ya ɗura masa matsi da famfon hannu, muka zuba wa allurar ma'auni ido. A ɗakin cikin rufi allura ba ta motsa ba. A saman bene ta ɗan sauka. A ƙasa kuwa tana ta sauka a hankali ba tsayawa, kuma babu inda muka ga ruwa. Da kyamarar gano zafi ya bi layin har kicin, inda aka binne bututun kai tsaye cikin daɓen siminti ba tare da an sa masa riga ba, siminti kuma yana cin jan ƙarfe idan akwai damshi. A nan ne na gane dalilin damshin da mai duba gini ya gani a gindin bangon kicin.

A ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne aiki ya tsaya. Wasu tsofaffin bututu masu kauri suna naɗe da wani farin abu mai kama da busasshiyar filasta, ya fara ɓarɓashi a gefe. Injiniyan ya ja da baya, ya ce kada kowa ya taɓa, kada a share wurin, a rufe ƙofar, domin yana zargin asbestos ne, wani ma'adini mai zare-zare da a da ake naɗe bututu da shi don riƙe zafi. Sai a 1999 aka haramta asbestos gaba ɗaya a Birtaniya, saboda haka duk ginin da ya girmi shekarar 2000 ana iya samunsa a ciki, kuma wanda ake naɗe bututu da shi yana cikin mafi haɗari domin ƙurarsa na saurin tashi, tana shiga huhu ta haifar da cuta bayan shekaru masu yawa. Wani kamfanin gwaji ya zo ya ɗebi samfur a kan fam 120. Kwanakin jiran sakamakon sun yi mini nauyi, domin na tuna sau da yawa na sauka wurin ajiye kwalaye, yara ma sun leƙa. Sakamako ya tabbatar da zargin. Irin wannan aiki sai kamfani mai lasisin HSE, hukumar kula da lafiya da tsaro a wurin aiki, kuma doka ta wajabta musu sanar da hukuma kwana 14 kafin su fara. Sun killace ɗakin da leda, sun cire shi tare da bututun, an gwada iskar wurin, aka ba ni takardar shaidar tsabtar iska da ta inda aka kai sharar. Wannan ya ci fam 1,900 da ba ya cikin lissafinmu ko kaɗan.

Akwai bututu iri biyu kuma da ba na ɗumama ba, amma wajibi ne a dube su a lokaci guda, domin a ƙarƙashin katako ɗaya suke. Na farko shi ne na ruwan sha da ke shigowa daga titi. Namu launin toka ne, da injiniyan ya kankare shi da kan sukudireba sai ya yi ƙyalli kamar azurfa, ga taushi, alamar dalma ce. Gidajen da aka gina kafin 1970 ana yawan samun wannan, kuma dalma a ruwan sha tana cutar da ƙananan yara da masu juna biyu. Daga kan iyakar gida zuwa ciki alhakin mai gida ne, daga iyaka zuwa babban bututun titi kuma na kamfanin ruwa. Na cike fom ɗinsu, muka haƙa namu ɓangaren muka sa shuɗin bututun roba, suka turo mai dubawa kafin a rufe ramin, daga baya suka zo suka canza nasu. Na biyu shi ne bututun gas: namu milimita 15 ne tun daga mita, sabuwar boila kuma tana jan gas da yawa a lokaci guda, don haka sai an ja mata mai milimita 22. Ƙiyasin ma'aikacin farko bai ambaci wannan ba.

Da rahoton ya zo hannuna, zaɓi uku ne a gabanmu. Na farko, a wanke, a gyara inda ke yoyo a kicin, a sa boila. Injiniyan ya rubuta ƙarara cewa wankin inji ba ya cika fitar da laka daga siririn bututu, domin ruwan yakan bi inda ya samu hanya ya bar inda ya toshe, kuma tsari mai bututu ɗaya yana mayar wa boila ruwa da zafinsa. Wannan yana da muhimmanci, domin tun 2005 boilar da doka ta yarda a sa a Ingila ita ce mai tatsar zafi daga hayaƙinta, kuma ba ta yin wannan tatsa sosai sai ruwan da ke komo mata ya sauka ƙasa da digiri 55. Wato za mu sayi boila mai tattalin gas mu ɗaura ta a kan bututun da zai hana ta tattalin. Na biyu, a tuge komai har da na ɗakin rufi. Na uku, a canza na ƙasa da na saman bene, a bar na ɗakin rufi tunda ya ci gwaji. Ya kuma ja hankalina ga gyaran da aka yi wa dokar gini a watan Yunin 2022, wanda ya ce idan za a sake tsarin ɗumama gaba ɗaya, a auna shi yadda zai ɗumama gida da ruwan da bai wuce digiri 55 ba. Ya ba da shawarar mu bi wannan awo ko da mun bar wani sashe, domin shi zai sa gidan ya karɓi na'urar nan mai zuƙo zafi daga iskar waje idan mun tashi sa ta, wadda gwamnati ke ba da tallafin fam 7,500 a kanta tun Oktoban 2023. Ba mu sa ta yanzu ba, saboda bangonmu bulo ne zalla kuma ba mu gama toshe hanyoyin da zafi ke tserewa ba.

Mun zauna da uwargida da takardun a gabanmu. Ni hankalina ya fi karkata ga kuɗi, domin asbestos ya riga ya ci wani kaso. Ita kuwa tambaya ɗaya ta yi: "Abban yara, idan muka sa tayil a kicin muka shimfiɗa sabon katako a falo, sannan bututu ya fashe a ƙarƙashi, wa zai biya fasa su?" Na kira kamfanin inshorarmu na tambaya, suka ce tsarinmu yana biyan ɓarnar ruwan da ya ɓalle farat ɗaya, da kuɗin nemo inda yake zuwa wani iyaka, amma ba ya biyan abin da ya lalace a hankali saboda tsufa, balle wanda aka riga aka sani. Mu kuwa yanzu mun sani, a rubuce ma. Mafi yawan kuɗin canza bututu na ɗaga daɓe ne da fasa bango da mayar da su, bututun kansa ba shi da tsada sosai, kuma ga shi za mu ɗaga daɓen ko da ba ma canzawa. Muka zaɓi na uku, muka ɗage sayen sababbin kabad na kicin zuwa wata shekara.

Da rahoton a hannu na nemi ƙiyasi daga ma'aikata uku, kowa na ba shi takarda iri ɗaya, don haka a karon farko na iya kwatanta kuɗinsu. Na nemi kowa ya rubuta girman bututun kowane layi, da girman kowace radiyeta, da ko harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari yana ciki, da wanda zai mayar da katako ya kwashe shara. Wanda muka ɗauka ba shi ne mafi araha ba, amma shi kaɗai ya auna kowane ɗaki, da tagoginsa da bangonsa na waje, ya lissafa yawan zafin da yake asara kafin ya zaɓi radiyeta. Kuɗinsa fam 8,400, ya haɗa da boila, radiyetoci takwas, bututun gas da matatar maganaɗisu. Na ba da kafin alƙalami kashi 20 cikin ɗari ta banki, kashi na biyu bayan an shimfiɗa bututu an gwada, ragowar kuma sai takardu sun zo hannu, duk a rubuce da sa hannunmu.

An yi aikin a watan Mayun 2024, lokacin da ake iya zama ba ɗumama, iyali kuma suka koma gidan 'yar'uwar uwargida saboda ƙura. A kan batun roba ko jan ƙarfe, mun yi amfani da duka biyun: jan ƙarfe kusa da boila da duk inda ido ke gani, roba mai shingen hana iska shiga kuma a ƙarƙashin katako, inda ake zura ta doguwa ba mahaɗi da yawa. Na kicin an yanke shi an bar shi a cikin siminti, sabon ya bi ta bango. Da aka buɗe saman bene duka, mun ga masu aikin da suka gabata sun sassare katakan da ke ɗauke da daɓen sosai don bututu ya wuce, har biyu sai da kafinta ya ƙarfafa su, domin ƙa'ida ba ta yarda sara ta wuce kashi ɗaya bisa takwas na kaurin katakon ba. Kafin a mayar da katako ko ɗaya an ɗura matsi an bar shi ya kwana, da safe na ga allura da idona tana inda aka bar ta. Na ɗauki hoton kowane layi da tef ɗin awo a gefensa, domin duk wanda zai buga ƙusa nan gaba ya san inda bututu yake. Sai bayan wannan mai filasta da mai tayil suka shigo.

Ranar kunnawa an wanke tsarin duka, har da tsohon sashen ɗakin rufi, aka zuba maganin hana tsatsa, aka daidaita rabon ruwa tsakanin radiyetoci ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikacin da ya sa boilar ya cike takardar Benchmark da ke bayan littafinta, inda ake rubuta gwaje-gwajen da aka yi wajen sa ta, ya yi wa boilar rajistar garanti, ya kuma sanar da Gas Safe, su kuma suka aiko mini da takardar shaidar cika dokar gini ta gidan waya bayan 'yan makonni. Wannan takarda ce lauya za ta nema ranar da za a sayar da gidan, irin wadda mu ba mu samu ba. Sharaɗin garantin shi ne a duba boilar kowace shekara a rubuta a littafin. Da sanyi ya dawo, radiyetar ɗakin cin abinci ta yi zafi daidai da ta zaure, kuma boilar tana ɗumama gidan a digiri 50 in ba a ranakun tsananin sanyi ba.

A ganina shekarun bututu kaɗai ba hujja ba ce ta tuge shi, kuma duk wanda ya yanke hukunci daga bakin ƙofa, ko ya ce a bari ko ya ce a cire, bai ba ka abin dogaro ba. Jan ƙarfe mai milimita 15 ko 22 da aka shimfiɗa bututu biyu, wanda bai taɓa siminti ba kuma ya riƙe matsi, ya cancanci a wanke shi a bar shi, kamar yadda muka bar na ɗakin rufinmu. Wanda ya kamata a canza shi ne tsari mai bututu ɗaya, da siririn da ya toshe, da wanda aka binne tsirara, da duk sashen da allura ta sauka a kansa. Wanda ba ya shirin ɗaga daɓe, kuma tsarinsa na aiki, yana iya jira. Wanda kuwa ya riga ya kira mai filasta, to ba a fafe gora ranar tafiya, ya tsayar da shi har a gama da bututu da wayar lantarki. Ina kuma roƙon duk mai ƙananan yara da ya shiga tsohon gida, ko da ba shi da kuɗin gyara yanzu, ya duba bututun ruwan shansa a inda ya shigo gida, yawanci a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ko ɗakin ƙasa, ya nemi kamfanin ruwa su gwada masa idan ya ga launin toka, kuma kada ya taɓa duk wani farin naɗi da ya gani a jikin tsohon bututu sai an ɗebi samfurinsa. A cikin lissafin kuɗi kuma a ware wani kaso tun farko domin abin da za a tarar idan an ɗaga katako, mu dai asbestos, da bututun dalma, da aikin kafinta sun ƙara mana sama da fam 3,000 a kan kuɗin ɗumamar kanta.